Barci ya ƙaurace mini bayan aikin mama: in je a yi mini allurar Sin?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 44, ina zaune a Tudun Wadan Zariya, malamar firamare ce ni, 'ya'yana 5. Bara aka gano ina da sankarar mama. An cire mini na hagu har da ƙululun hammata, na sha kemo, wato ƙarin ruwan maganin sankara, sau 6, an yi mini gashi da na'ura, yanzu wata 7 ke nan ina shan tamoxifen kullum. Likita ya ce komai lafiya, alhamdu lillahi. Sai dai barci ya ƙaurace wa idona. Ina idar da isha'i nake kwanciya, wajen ƙarfe 1 sai wani zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Daga nan idona biyu har assalatu, ina lissafin shekarun autana, ina tuna 'yar gwaggona da wannan ciwo ya ɗauke. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har maigida, don tun bayan aikin na daina zuwa turakarsa. A aji gyangyaɗi nake yi, ina yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. Mako 3 ke nan ina sayen ƙwayar barci a kemis.

Ƙanwata da ke aure a Kaduna ta ce akwai inda ake yin allurar Sin, wadda ake kira akufanca, naira 15,000 kowane zama, kuma ita za ta biya rabi. Maigida ya ce atafau: ya sayar da filinsa da mashin ɗinsa wajen jinyata, jikina ya sha allura ya isa haka, kuma wa ya sani ko da tsafi a ciki. Surukata ta ce a kira wanzami ya yi mini ƙaho. Maƙwabciyata kuma ta ce ƙwayar asibitin ce ke hana ni barci. Gaskiya makon jiya na ajiye ta kwana 4, na kuma ɗan runtsa. Anti, allurar nan tana aiki? In matsa wa maigida ne, ko in haƙura?

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ce, Ya ƙara miki lafiya mai ɗorewa. Allurar Sin kika tambaya, kuma zan zo kanta, amma kwana 4 ɗin nan da kika ambata a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba su suka tayar mini da hankali. Don Allah ki koma kan tamoxifen ɗinki yau. Ki sha ƙwaya ɗaya yadda kika saba, kada ki ninka don rama na baya, sannan ki gaya wa likitanki cewa kin tsallake. Ba zai cinye ki ba, ya ji irin wannan sau ba adadi.

Ga dalilin da ya sa na dage. Ana ba mace tamoxifen ne idan gwaji ya nuna sankararta irin wadda ke cin abinci daga sinadarin mata ce, wato isturojin. Ƙwayar takan je ta toshe ƙofar da sinadarin ke shiga, ta yadda duk wani ɓurɓushin ciwo da wuƙa da kemo da gashi suka bari zai zauna da yunwa. A 2011 masana a Oksfod ta Ingila sun haɗa sakamakon mata sama da 10,000 masu irin wannan sankara, suka ga shan ta na shekara 5 ya rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku, har tsawon shekara 15. Babu allura, babu saiwa, babu ƙahon da ya taɓa nuna kwatankwacin haka. Ajiye ta don a samu barci shi ne garin neman gira a rasa ido. Kuma bari in ƙara miki wani abu: tamoxifen tana daɗewa a jini, sai ta yi kusan mako guda kafin rabinta ya fita. Ke nan a kwana 4 ɗin da kika yi tana nan daram a jikinki. Runtsawar da kika samu ta fi kama da ta wanda ya sauke kaya daga zuciya, ko ta ƙwayar kemis.

Duk da haka maƙwabciyarki ba ƙarya ta shara ba gaba ɗaya. Zafin nan da ke taso miki daga ƙirji sananne ne ga masu shan tamoxifen, kuma a shekarunki kemo kan iya tsayar da al'ada kwatsam, jiki ya faɗa halin daina haila ba shiri. Wannan abu yana da magani a asibiti. Wasu matan sauya lokacin shan ƙwayar kaɗai, daga dare zuwa safe ko akasin haka, yake kawo musu sauƙi. Akwai gabapentin da venlafaxine, waɗanda likitoci ke bayarwa don rage irin wannan zafi ba tare da sun ƙara isturojin a jiki ba. Likita ne zai zaɓa, domin wasu magungunan damuwa irin su paroxetine da fluoxetine suna rage wa tamoxifen ƙarfi. Saboda wannan dalili ki yi nesa da haɗe-haɗen da ake tallatawa a WhatsApp, da kayan mata, da duk wani gari ko tsimi da ba a san abin da ke cikinsa ba. In kuma kika ga jini yana zuba ba lokacinsa ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya, ko wani ƙashi ya matsa miki da ciwo dare da rana, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati.

To, allurar Sin. Sunan kansa yana ruɗar mutane, ina jin har da maigidanki. Da an ce allura sai a tuna sirinji da neman jijiya a bayan hannu da ƙarin ruwa, abin da jikinki ya sha har ya gaji. Wannan daban ce. Siririya ce ƙwarai, ba ta fi silin gashi kauri da yawa ba, ba ta da rami a ciki, kuma ba a ɗura komai da ita. Ana kafa 'yan ƙalilan a wurare sanannu, kamar wuyan hannu da ƙwauri da kunne da tsakanin gira, a bar mutum kwance minti 20 zuwa 30, a zare. Wani lokaci akan haɗa su da wata 'yar na'ura mai sakin lantarki kaɗan. Sinawa sun fi shekara 2,000 suna yi. Tsohon bayaninsu shi ne akwai wani ƙarfi da ke gudana ta wasu hanyoyi a jiki, allurar tana buɗe inda ya toshe. Likitocin zamani ba su ga waɗannan hanyoyi ba, abin da suka gani shi ne sukar tana motsa jijiyoyi, ƙwaƙwalwa ta saki sinadaranta na rage raɗaɗi da kwantar da hankali. Babu karatu, babu yanka, babu kiran sunan wani abu. Manyan asibitocin sankara a Amurka, irin su Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyok, suna da sashenta. In zuciyar maigida ba ta kwanta ba, ya kwatanta wa malamin da ya amince da shi yadda ake yi kamar yadda na zayyana, ya ji daga bakinsa.

Tana aiki kuwa? Ga abin da aka gwada. A 2019 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka kan mutum 160 da suka gama jinyar sankara amma barci ya gagare su. Rabi aka yi musu allura sau 10 cikin mako 8. Sauran rabin aka koya musu gyaran ɗabi'ar barci da tunanin da ke hana shi, ba allura ba ƙwaya. Ana auna tsananin rashin barci da wani ma'auni mai maki 28. Masu allura sun sauko da maki 8 da ɗan ɗori, masu horon barci sun sauko da kusan 11, kuma duka biyun sauƙin ya zauna musu har mako 20. Wato allurar ta taimaka sosai, amma horon ya fi ta. Inda ta ɗan yi zarra shi ne wajen rage ciwon jiki. Akwai wani gwajin na 2015 a kan mata 120 da suka yi sankarar mama kuma zafin jiki irin naki ke damun su, inda allura mai lantarki ta rage zafin, har daga baya aka ba da rahoton cewa barcin waɗanda aka yi musu ita ya fi na masu shan gabapentin gyaruwa. Wannan ya shafe ki kai tsaye.

Sai dai akwai ɗaya gefen, kuma ba zan ɓoye miki ba. A Hon Kon an gwada mata 138 masu sankarar mama da kemo ya lalata wa barci, sakamakon ya fito a 2023. Wasu aka yi musu ta gaske, wasu aka yi musu ta jeka-na-yi-ka ba tare da sun sani ba. A babban ma'aunin da aka sa gaba, bambancin bai taka kara ya karya ba: duka sun samu sauƙi kusan daidai, ko da yake masu ta gasken sun fi saurin yin barci da kuma rabuwa da ƙwayar barci. Abin da ni na fahimta daga nan shi ne, wani kaso mai tsoka na amfanin yana fitowa ne daga kwanciyar rabin awa a ɗaki shiru, da samun wanda ya saurare ki, da sa rai. Ban raina wannan ba, mace mai 'ya'ya 5 da aji cike da yara yaushe rabon ta da rabin awa nata na kanta? Amma abu ne da ya kamata ki sani kafin ki ƙirga kuɗi. Hukuncina dai shi ne allurar Sin mataimakiya ce mai kyau ga wanda ya samu ƙwararre kuma aljihunsa zai ɗauka. Ba ta warkar da sankara, ba ta maye gurbin ƙwayarki, kuma ba da ita ya kamata a fara ba. Duk mai allurar da ya ce miki zai narkar da ciwon, ko ki ajiye maganin asibiti, ko ya tura miki kwalaben haɗi ki saya, ɗauki mayafinki ki fito.

Mu yi lissafi irin na malaman makaranta. Zama 10 a kan naira 15,000 ya kama 150,000. Ko ƙanwarki ta ɗauke rabi, saura 75,000, ban da kuɗin mota zuwa Kaduna da dawowa sau 10, tafiyar kusan kilomita 80 kowane zuwa, ban da ranakun da za ki nemi izini a makaranta. Zama ɗaya ko biyu kuma ba ya nuna komai. Idan maigida ya ji wannan adadi ya yi tsaki, ba ƙin ki yake yi ba.

In har kuka yanke za ki je, akwai sharuɗɗan da ba na sassautawa a kansu. Likitanki na sankara ya sani tukuna, ya duba jininki, domin ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini ko masu yaƙi da cuta yana sa ko ƙaramar suka ta zama matsala. Ke da kika gama kemo da daɗewa wataƙila ba ki da wannan damuwa, amma a duba. Kada a kafa allura ko ɗaya a hannunki na hagu, da kafaɗar, da fatar da aka gasa, da kan tabon aiki. An cire miki ƙululun hammata, su ne matatar da ke kwashe ruwa da ƙwayoyin cuta daga wannan hannu, kuma ƙaramin rauni kan iya jawo kumburin da ke wuyar sauka. Allurar ta zama sabuwa fil, a ɓare ledarta a gaban idonki, a jefar bayan an gama. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, bai kamata a yi kunyar tambaya ba. Ki nemi ganin takardar mai yin. Majalisar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, MDCN, ita ce doka ta ɗora wa sa ido kan masu irin wannan aiki, kuma wanda ya san abin da yake yi ba ya jin haushi in an tambaye shi inda ya koya da ko ya taɓa duba masu sankara. Ki kuma sa wa abin iyaka tun farko: in an yi zama 5 ko 6 ba ki ga alamar canji ba, ki tsaya.

Maganar ƙaho gajera ce. Na san matsayinsa a wurinmu da a sunna, kuma Hajiya da kyakkyawar niyya ta kawo shi. Amma ƙaho tsaga ce da aska, kuma bayan da kafaɗar da wanzami ya fi sa ƙahonsa a kai su ne yankin da ke malala zuwa hammatar da aka yi wa aiki. Fatar da ta sha gashi kuma ba ta saurin warkewa. Kada ki yi musu da ita da bakinki. Ɗanta ne zai ce mata, "Hajiya, likita ya hana a tsaga mata fata." Ke kuma ki roƙe ta addu'a da tofi, ki nuna mata kina buƙatar su, don kuwa kina buƙata.

Yanzu ga abin da nake so ki fara da shi a daren nan, wanda shi ne ya zo na ɗaya a gwajin can kuma ko sisi ba ya ci. Ki sake duba wasiƙarki. Kina kwanciya wajen 8 da rabi, ki farka ƙarfe 1. Ashe kina samun awa 4 ko fiye, sai dai kin ci rabonki tun farkon dare, sauran kuma ki kwashe shi kina juyi. Wata 7 ana haka, ƙwaƙwalwa ta riga ta haddace cewa gado wurin zullumi ne, kamar yadda yaran ajinki ke haddace ƙarar ƙararrawa. Aikin shi ne a sake mata karatu. Mu Musulmi an ma sauƙaƙa mana rabin aikin, domin ginshiƙin horon shi ne tashi a lokaci guda kullum, mu kuwa muna da asuba. Ki riƙe ta, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, Asabar da Lahadi ma haka, kuma kada ki koma ki shimfiɗe har hantsi. Sannan ki ja lokacin kwanciya baya zuwa 10 da rabi ko 11. Tsakanin isha'i da wannan lokaci ki zauna a tsakar gida, ki yi makin littattafan yara, ki tsince shinkafar gobe, ki yi hira, amma ba a kan gado ba. Idan kika ga mako guda kina kwana mafi yawan lokacin da kike kan gado, sai ki matso da kwanciyar da minti 15, haka haka har ki kai abin da ya ishe ki.

Idan zafin ya tashe ki, ki riga shi shiri. Ki ajiye rigar auduga ta biyu da zani da ƙaramin tawul a gefen matashi, da kofin ruwan randa a rufe, don kada ki tashi kina lalube kina kunna fitila. Fanka mai caji ta fi miki zama ɗaya na allura amfani, musamman in Maris da Afrilu suka shigo, zafin Zariya ya haɗu da ɗaukewar wuta. Rage yaji da shayi mai zafi a abincin dare. Kin canza riga, kin kurɓi ruwa, kin koma kin kwanta. In kika ji kamar minti 20 sun wuce ba alamar barci, to sauka daga gadon. Kada ki duba agogo, kada ki taɓa waya. Koma kan tabarma ko darduma a wuri mai ɗan duhu, ki ɗauki carbi, ko ki yi nafila raka'a 2 a natse, sai idonki ya yi nauyi ki koma. Ko sau 3 ne a dare, ki yi. Tasbihin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Nana Faɗima lokacin kwanciya, 33 da 33 da 34, ki ja shi a hankali tare da numfashi, ba da gaggawar mai son gamawa ba.

Da rana kuma: shayin Lipton, Nescafé, goro da lemon kwalba mai baƙi duk suna da sinadarin da ke kore barci, kuma yana daɗewa a jiki awanni, don haka daga azahar ki sallame su. Na san mai gyangyaɗi a aji da goro take kare kanta, to a nan ne zaren yake ƙullewa. Ƙailula kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kuma kafin la'asar. Ki samu hasken safiya da ɗan tattaki, ko sauka daga Keke Napep ne kafin a kai ƙofar makaranta ki ƙarasa da ƙafa. Ki ware bayan wani tsohon littafin rajista, kowace safiya ki rubuta lokacin da kika kwanta, sau nawa kika farka, da abin da ya tashe ki, zafi ne ko tunani ko ciwo. Makon farko zai fi na yanzu wuya, na gaya miki tun wuri don kada ki ce Anti ta cuce ki. Galibi daga mako na 2 zuwa na 4 ake fara ganin haske.

Ƙwayar kemis ɗin nan, ki ɗauki kwalinta ki kai wa likita. In diazepam ce ko Lexotan, mako 3 ya isa jiki ya fara sabawa, kuma yanke ta rana ɗaya kan dawo da rashin barcin fiye da da. A hankali ake janye ta, da tsari. Tana ma iya zama cikin abin da ke sa ki gyangyaɗi a gaban allo.

Akwai kuma 'yar'uwar allurar da ba ta buƙatar allura: danna wuraren da yatsa. A jihar Mishigan ta Amurka an koya wa mata da suka gama jinyar sankarar mama su riƙa yi wa kansu kullum na mako 6, a wani gwaji mai mata 288 da aka buga a 2016, kuma salon da aka tsara don kwantar da jiki ya rage musu gajiya ya gyara barci. Wuraren su ne tsakanin gira biyu, da ɗan lotsawar da ke bayan kunne, da layin wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, da cikin ƙwauri yatsu 4 sama da idon sawu, da bayan ƙafa tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Kowanne minti 3, dannawa mai ɗan ƙarfi ana murzawa, ba mai zafi ba. Ke ki bar hannun hagu. Wannan in bai yi komai ba, ya ba ki kusan rabin awa na natsuwa kyauta.

Na bar mafi nauyi zuwa yanzu. Zafi ne ke tashin ki, amma ba shi ke riƙe ki har assalatu ba. Lissafin shekarun auta ne. Ƙanwata, kusan duk macen da ta bi ta wannan hanya ta san wannan lissafi, kuma yakan fi tsananta ne bayan an gama jinya, lokacin da 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, kowa yana cewa ai kin warke, ke kuwa a lokacin ne kika samu sararin jin tsoro. Ba raunin imani ba ne. Na taɓa kwana jinyar wata yayata, mace mai tawakkali da ban ga irinta ba, sai cikin dare na ji tana ƙirga wani abu da yatsu a ƙarƙashin bargo. Ashe shekarun da suka rage wa 'yarta ta gama sakandare take ƙirgawa. Da na riƙe hannun ta yi kuka, ta yi barci. Game da 'yar gwaggonki, Allah Ya jiƙan ta, ki tuna cewa galibin matanmu sai ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4 suke isa asibiti, bayan watanni ana shafe-shafe da sakiya. Ke an yi miki aiki, an yi kemo, an yi gashi, kina kan ƙwaya. Ki tambayi likitanki kai tsaye a wane mataki aka kama naki da abin da hakan ke nufi. Abin da zai faɗa da rana ya fi abin da zuciya ke raya miki ƙarfe 2 na dare sauƙin ɗauka. Ki ware minti 15 bayan la'asar ki rubuta duk abin da ke cin ki, har da wanda zai riƙe yara, don in ya zo da dare ki ce masa an riga an rubuta ka. Ranar asibiti kuma ki ɗan buɗe baki da matan da kuke zaune a benci ɗaya, za ki tarar da wadda ta yi shekara 6 ko 8 tana zuwa, ta aurar da 'ya'ya a tsakani. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da damuwa, ki nemi a tura ki, ki ce horon barci kike so da wanda za ki yi magana da shi. Zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa kika yi mako 2 komai ya fita daga ranki, ko kika fara jin gara ma a ce babu ke, to wannan na gaggawa ne, a ranar za ki faɗa.

Shi kuma maigida, kada ki matsa masa, kada kuma ki haƙura ki yi shiru. Mutumin da ya sayar da fili da abin hawansa bai gaza ba. Ina jin abu uku ne suka haɗu masa: aljihu ya bushe, ido ya gaji da ganin ana huda matarsa, sannan akwai nauyin a ce ƙanwar mata ce ke biya masa. Ki lura kuma da cewa hukunci ya yanke a kan abin da bai sani ba. Yana turakarsa yana zaton kina barci. Bai taɓa ganin rigar da kike matsewa ba, bai san da ƙwayar kemis ba, bai san kin ajiye tamoxifen ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara ba sa kusa, Hajiya ba ta nan, ki fara da godiya kan abin da ya yi, sannan ki ce masa, "Malam, wata 7 ke nan ban yi barcin kirki ba, kuma tsoro nake ji." Kada ki ambaci allura a wannan zama. Ki roƙe shi abu ɗaya, ya raka ki ganin likita na gaba, a yi tambayar zafin da ta allurar a gabansa. Ki ba shi tsari: mako 6 kina gwada na gida da abin da likita ya bayar, in littafin ya nuna ba canji, sai a sake zama kan maganar Kaduna. Ƙanwarki kuma ki gode mata, ki ce ta riƙe tayin, in da hali ta fara da fanka mai caji; in lokacin ya zo, ta bi ta hannun yayan nata cikin girmamawa a matsayin gudummawa.

Batun turaka ban manta ba, kuma ba zan ce ki koma gobe ba. Tabon a jikinki yake, ke za ki san ranar da za ki iya bari a gani. Amma mai yiwuwa shi ma yana can yana tunanin ke ce ba kya son ya matso, yana gudun ya fama miki. Wuraren dannawa na ƙafa suna da wuyar kaiwa ga wadda aka yi wa aiki a hammata. Ki nuna masa inda suke, yatsu 4 sama da idon sawu, ki ce ya riƙe miki agogo minti 3. Bayan mako 6 ki sake rubuto mini, ki haɗo da abin da littafin ya nuna.